Bindigar da ke cikin gilashin nan: Martini ce ko Remington?

Sani: Assalamu alaikum. Jiya na kai ɗalibaina wani gidan tarihi, muka ga wata tsohuwar bindiga da aka rubuta mata "bindigar yaƙi" kawai. Na ce musu Martini-Henry ce ta sojan Ingila. Ga hoton.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Sani, ka gaggauta. Martini ba ta da kunama a waje, wani marfi ne a ƙasa, bayan wurin ɗana yatsa, ake ja ta buɗe. Wannan kuwa kunamomi biyu nake gani a sama, ɗaya bayan ɗaya, ga manyan ƙusoshi biyu sun ratsa ƙarfen. Remington ce ta Amurka.

Sani: Malam, me zai kawo bindigar Amurka ƙasar nan? Turawan Ingila ne suka ci Kano a 1903, kuma tun 1871 suka karɓi Martini.

Malam Garba: Ba ta teku kaɗai bindiga ke shigowa ba. Masar ta sayi Remington da yawa wa sojanta, suka bazu a Sudan. Rabeh daga can ya taso, yaron Zubairu ne, wani babban mai fataucin bayi a Sudan, ya ci Borno a 1893, ya zauna Dikwa har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Ina kake zaton bindigogin dakarunsa suka tafi bayan an watse?

Kawu Isa: Ni dai ku yi a hankali. Kakana maƙeri ne, na ga yadda suke ɗora bututun wata a kan kotar wata. Itacen nan bai yi min kama da aikin Turai ba.

Malam Garba: Kawu, a kan itacen na yarda. Gara na ci, kota na karyewa, a sake sassaƙa wata. Amma cikin ƙarfen nan ba aikin harba-ruga ba ne, ta baya ake sa mata harsashi, ba ɗurin albarushi ta baki ba.

Sani: Har yanzu ban gamsu da zancen Rabeh ba. Fatake ma sun shigo da bindigogi ta Tarabulus.

Malam Garba: Wannan hujja ce, ban musa ba. Sunan bindigar na tsaya a kai, ba mai ita ba. In ka koma, roƙi ma'aikacin ya haska maka gefen dama. Martini na da kambin sarauta da haruffan V.R. na Sarauniya Victoria da shekara. Ta Masar kuwa, nemi lambobin Larabci.

Sani: Ranar Asabar zan koma, in sha Allahu.