Pioneer: majagaba, ko wanda aka fara da shi?

1/ Jiya ina fassara labarin dashen zuciya na farko a duniya, sai kalmar pioneer ta tsaya mini a maƙogwaro. Marubucin ya kira likitan da ita, can ƙasa kuma ya kira majinyacin da ita. Ɗaya wuƙa ce a hannunsa, ɗayan yana kwance an ba shi maganin barci, ƙirjinsa a buɗe. Hausa ba ta yarda in haɗa su a suna ɗaya ba.

2/ Ranar 3 ga Disamba 1967 ne, a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, Afirka ta Kudu. Likita Christiaan Barnard ya ɗauki zuciyar wata budurwa da mota ta kaɗe, Denise Darvall, ya dasa wa Louis Washkansky. Kwana 18 Washkansky ya yi da ita, sannan ciwon huhu ya ɗauke shi, domin magungunan da aka ba shi don kada jikinsa ya ƙi zuciyar sun raunana garkuwarsa.

3/ Turanci yana da who na mai aikatawa da whom na wanda aikin ya faɗa wa, ko da yake masu harshen sun soma watsi da na biyun. Mu “wa” ɗaya gare mu, amma ba ma ruɗewa, saboda aikatau yana tona asiri. “Wa ya zaɓi Barnard?” daban, “Wa Barnard ya zaɓa?” daban. Ku dubi wutsiyar: zaɓi, zaɓa. Ko yaron da bai shiga aji ba ba ya kuskure a nan.

4/ To ga likitan na zaɓi majagaba. Yana gaba, saura na biye. Na so “mai share fage”, amma a dambe sharar fage ta ƙananan 'yan wasa ce kafin manya su fito.

5/ Majinyacin ne ya hana ni barci. Wani malamina ya ce in sa “zakaran gwajin dafi”. Malam, Allah ya ƙara sani, asalin maganar ta dace sosai: zakaran da ake gwada dafin kibiya a jikinsa. Sai dai yau in ka faɗe ta, gwarzon da ya yi fice mutane ke ji. Kuma raina bai kwanta da kamanta mara lafiya da zakara ba, mutumin da ya amince da bakinsa, ya san ba a taɓa yi wa kowa ba.

6/ Na tsaya a kan “wanda aka fara da shi”. Doguwa ce, amma “aka” ɗin nan ya faɗi gaskiya. Haka zan kira Louise Brown, wadda aka haifa a Ingila a 1978, jaririyar farko da aka haɗa ƙwayoyin halittarta ba a cikin jikin mahaifiyarta ba: wadda aka fara da ita. In akwai mai gajeriyar kalma, musamman 'yan uwa na Damagaram da Sakkwato, ina jira kafin in miƙa fassarar ranar Alhamis.