Waɗanda suka taɓa zaga cikin birnin Katsina a ƙafa, ku ba mu labari

Baban Ummi, daga Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. A Katsina aka haife ni, aiki ne ya kai ni Kaduna, can kuma na haifi yarana uku. Duk zuwanmu gida daga mota sai gidan biki, daga gidan biki sai mota. Kwanan baya babbar ta ga hoton hasumiyar Gobarau a littafin makaranta, ta tambaye ni ko na taɓa hawa. Na taɓa, amma ina yaro, kuma abin da na iya gaya mata bai fi jimla biyu ba. Abin ya tsaya mini a rai. Hutun hunturun nan ina so in ajiye mota mu shiga cikin gari a ƙafa, da wanda ya san tarihi, mu kuma ci abincin gari a hanya. Wanda ya taɓa yin haka ya taimaka: daga ina kuka fara, wa ya yi muku jagora, me kuka ci?

Malamar firamare, Rafin Daɗi:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Na kai 'yan ajina bara, kuma shawarata ta farko ita ce ku yi sammako. Mun fito kafin rana ta yi zafi, muka tsaya wajen wata mai koko da ƙosai, kowane yaro ya karya, don yaro mai jin yunwa ba ya sauraron tarihi. Daga nan muka nufi Gobarau. Wani dattijo na unguwar ne ya yi mana bayani, ya ce masallaci ne babba tun zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina na farko da ya musulunta, kuma nan ne malamai ke karantarwa, daga baya har tsaro ake yi daga samanta a hango mahara. Sai ya ba su labarin da ake bayarwa na gardamar alƙibla lokacin ginin, da malamin da ya nuna gabas da sandarsa. Wallahi yaran nan ko tari babu. Abin da ya fi burge su shi ne da ya sa su shafa bangon, ya ce wannan ƙasa ce da aka kwaɓa, babu siminti babu ƙarfe, ga ta tsaye. Matakalar tana da ƙunci, ku riƙe hannun ƙaramin.

Dattijo daga Masanawa:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Ni na sha raka baƙi, har ɗalibai daga Zariya da Maraɗi, kuma abu ɗaya nake gaya wa kowa: kada ka ɗauki mutum ɗaya ya zaga da kai gari duka. Kowace unguwa da masu ita. Idan ka zo Masanawa, ka yi sallama a zaure, ka gaishe da waɗanda ka tarar, ka faɗi ɗan gidan wane ne kai da abin da ya kawo ka. Za su tashi da kansu su nuna maka inda Wali Ɗan Masani yake kwance, su ba ka abin da suka ji daga iyayensu. Haka za ka yi wajen Wali Ɗan Marina. Waɗannan malamai ne da suka yi rubuce-rubuce tun kafin jihadin Shehu da shekaru masu yawa, saboda irinsu ne ake zuwa Katsina neman ilimi daga nesa. Ka koya wa yaran su cire takalmi inda aka ce a cire, su rage murya, kada su ɗaga waya kan mutane ba izini.

Sannan zancen abinci. Abincin Katsina na gaske yana cikin gidaje. Duk baƙon da na raka, a zaurena muke ƙarewa, a kawo hura a ƙwarya da nono mai kyau, a dama a gabansa da ludayi. Hurar da aka surfa geron, aka daka da citta da kanumfari da barkono, aka dafa aka kirɓa a turmi ranar. Idan ya sha, sai hira ta buɗe, tambayoyin da ya ji nauyin yi a hanya sai ya yi su a nan.

Ɗalibin jami'a, Ƙofar Ƙaura:
Baba ya faɗi gaskiya, ni shaida ne. Mun taɓa biyan wani matashi da ya ce aikinsa ke nan, mu biyar da abokaina da suka zo daga kudu. Sauri kawai yake yi, a tsaya a ɗauki hoto a wuce. Ya haɗa zamanin Korau da na Dikko kamar mutum ɗaya ne, alhali Sarki Muhammadu Dikko a 1906 ya hau sarauta ya rasu a 1944. Na ji kunya a gaban baƙina ƙwarai. Washegari kawuna ya ɗauke mu muka sake. Ya kai mu Ƙofar 'Yanɗaka ya ce ta nan Turawa suka shigo a 1903, ya kuma lissafa mana sauran ƙofofin: Guga, Sauri, Durɓi, Marusa, Ƙaura, Ƙwaya. Ya nuna mana inda ganuwa ta bi, da wuraren da yanzu gidaje suka hau kanta. Muka ƙare a tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda yanzu gidan tarihi ce. Da abokaina suka ji cewa Sardauna da Tafawa Ɓalewa a waɗannan ɗakunan ƙasa suka yi karatu, shiru suka yi na ɗan lokaci. Yaya, ƙofofin suna da nisa tsakaninsu, da yara ba za ku iya duka a ƙafa ba. Ku zaɓi ɗaya ko biyu.

Hajiya, Yarinci:
Ni ta ɓangaren ciki zan yi magana. Baban Ummi, kada ka dogara da abin da za ku tsinta a hanya. Tun jajibere ka sa a gaya wa wata maƙwabciyar gidanku mai sana'a ta ajiye muku. Lokacin da jikokina suka zo daga Abuja haka na yi: da safe waina da miyar taushe, da hantsi ɗanwake da man gyaɗa da yaji, da la'asar 'yar tsala mai zafi da garin ƙuli. Na kuma roƙi mai ɗanwaken ta bar su su shiga su ga yadda ake kwaɓa garin da kuka da ruwan kanwa, ana jefawa a tafasasshen ruwa har ya taso sama. Ƙaramar ta ce ita ma sai ta jefa, aka ba ta. Yau wata nawa, ba ta daina ba da labarin ba. Matan nan ba sa ƙin baƙo, amma ka sayi abinsu da daraja, kada ka yi ciniki kamar kana kasuwa. Kuma ku riƙe ruwanku na sha, cikin yaran birni bai saba ba, yajin ma a sa musu kaɗan.

Mai kilishi:
Ranka ya daɗe, idan kuna son ganin aikinmu ku zo da hantsi lokacin shanya, ba da dare ba. Ku ga yadda ake yanka naman fale-fale, a shanya, a tsoma a labu, wato kwaɓin gyaɗa da kayan yaji, a sake shanyawa kafin ya ga wuta. Hunturu ma shi ne lokacinsa, iska na busar da shi da wuri.

Ɗan Daura:
Malam, tunda kun zo har gida ku ƙara kwana ɗaya ku iso Daura, tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Na kai surukaina rijiyar Kusugu, aka ba mu guga muka ja ruwa da hannunmu muka sha. Mai kula da wurin ya ba da labarin Bayajida tun daga saukarsa gidan tsohuwa Ayana, da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har aurensa da Magajiya Daurama. Daga rijiyar zuwa ƙofar fada ƙafa ce kawai. Mun biya ta wajen masu fura muka zauna a inuwa. Wanda ya samu dama ya dawo lokacin Sallar Gani, a watan Mauludi, ya ga hawa.

Malamin tarihi, sakandare:
Ina goyon bayan zuwa Kusugu, amma ina da roƙo. Na raka ɗalibaina can sau da dama, kuma kullum sai wani ya tambaye ni a mota, Malam da gaske ne? Abin da nake ce musu shi ne wannan labari ne da kakanninmu suka riƙe don bayyana zumuncin Hausa Bakwai, Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram, kuma cikin labarin kansa Bayajida ya tarar da gari da mutane da sarauniya, wato akwai Hausawa kafin zuwansa. Ku bar mai ba da labari ya gama cikin mutunci, kada a yi masa gardama a wurinsa. Idan kun koma gida sai ka zauna da babbar 'yarka, ku rarrabe abin da aka rubuta da abin da aka ji daga baki. Yarinyar da ta fara tambaya daga hoton littafi za ta iya ɗaukar wannan.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda na tsara: ranar farko koko da ƙosai, Gobarau, sai Ƙofar Soro su ga gidan Korau, wato fadar sarki, daga filin Kangiwa, mu huta. Rana ta biyu Masanawa da tsohuwar kwaleji, ta uku Daura. Hajiya, na riga na kira ƙanwata ta yi magana da mai ɗanwaken layinmu. Baba, idan ba takura, ina so mu zo mu gaishe ka ranar ta biyu. Bayan azahar ya yi, ko mu bari sai la'asar?

Dattijo daga Masanawa:
Ku zo bayan la'asar, lokacin tsofaffin sun fito zaure. Ka ce wa Ummi ta taho da littafi da alƙalami.