Ina mutum zai taka ƙafa a Yamai in bai da moto?

Baban Ikram, Bukoki: Salamu alaikum jama'a. Likita ya ce tansiyona ta hau, dole in riƙa tafiyar ƙasa ko da minti 30 ne kullum, to wata biyu ke nan ina kewaya Stad Seyni Kountché da asuba, wallahi na gaji da kallon katanga ɗaya da shaƙar hayaƙin motoci. Ba ni da moto ba ni da mota, sai taksi da ƙananan bas ɗin nan na haya, faba-faba. Wanda ya taɓa zuwa bakin kogi ko cikin garake da ƙafa ya ba mu labari, ina aka sauke shi, nawa ya biya, kuma yaya ya koma gida, don komawar ce ke ba ni tsoro.

Maman ƴan biyu: Wa alaikumus salam Baban Ikram, Allah ya ƙara sauƙi. Ni da ƙanwata duk Lahadi Korniş ɗin Yantala muke zuwa. Ka ce ma mai taksi Yantala ta ƙasa, in ya gyaɗa kai ka shiga, in ya ja motarsa bai ce komai ba ka san halinsu ka jira wani. Da ka gangara sai ka sa kogi a hagunka ka nufi wajen Gudel. Garake ne jere, salati, shu, karoti, zogale, ga masu saida furanni da ƴaƴan itace cikin baƙar leda. Akwai wani dattijo da kullum muke tararwa, wando naɗe har gwiwa, arozuwar biyu na kwano a hannu, ya gangara ya ɗebo ya hau ya zuba ya koma, na taɓa ƙirga masa sawu 14 kafin in gama cinikin na'ana'a, na ce ma ƙanwata wannan ba ruwansa da tansiyo. Salatin dala 20 da na saya wurinsa ya ishe mu har dare. Abu ɗaya, ka yi sallama kafin ka ratsa garkar mutum, kuma kar ka taka kunya, wasu na da karnuka.

Alhaji mai ritaya: Ƴata kin faɗi gaskiya amma kin manta da lokaci. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ruwan damina ke korowa da jar ƙasa, sannan akwai ruwan Gine da ke isowa a hankali cikin ɗari, ya kai ƙarshen cikarsa wajen Janairu. Hanyar da ka bi a watan Mayu kana taka yashi, a Satumba sai da jirgi. Wanda ya ga 2020 ya san me nake cewa, da madatsar Lamorde ta ɓalle mutane nawa suka kwana cikin makarantu. Ni shawarata daga Nuwamba zuwa Fabrairu, nan ne garake suke kore shar, iska da sanyi, laka ta bushe. Afrilu kuwa in ba ka gama ba kafin ƙarfe 8 to ba magani ka je nema ba.

Ɗalibin Harobanda: Ni tawa da ciwo cikinta lol. Shekarar bara na ɗauki wani abokina muka tsallaka gadar Kennedy da ƙafa, mita 700 da ƴan kai ce kawai amma kallo ya isa, masu wanki a ƙasa sun shanya kaya kala-kala, jiragen Sarkawa, har raƙumi da lodin tabarmi muka yi kiciɓis da shi, gada tana ɗan rawa in babbar mota ta wuce ga shi tun 1970 take nan. Daga can muka bi ta wajen gonakin shinkafa na Kirkisoi, kan madatsa ake tafiya, ruwa dama ruwa hagu, balbela ko'ina, daɗi ya ɗauke mu ba mu duba agogo ba sai kiran magariba muka ji. Jama'a sauron wurin nan ba ya jin magana. Mun fito kan gudron duk taksin da muka tsaida cike yake, wanda bai cika ba ya ce kurs biyu kowanenmu, wato kuɗin mutum biyu, ni kuma dala 60 ce ta rage a aljihuna. Da ƙafa muka koma har jami'a, takalmina ɗaya ya tsinke, na iso ina jan ƙafa kamar wanda kunama ta harba.

Maman ƴan biyu: To kai wa ya aike ka tafiya da silifa.

Ɗalibin Harobanda: Maman ai ba shiri muka yi ba, shan iska muka fita. Baban Ikram ka ware kuɗin komawa a aljihu daban, kuma canji, ka miƙa ma mai faba-faba jika biyar da sassafe ka ga yadda zai kalle ka.

Ɗan Ader: Ku ƴan Yamai kuna ta kogi kogi, ni daga Tawa na taɓa taka bakin teku da ƙahwata. Kahin a ruhe iyaka da Benin a 2023 ina zuwa Kwatano sayen kaya, wata rana kaya ba su hito ba sai na shiga taksin haɗaka zuwa Wida, awa guda ko da ɗan ƙari. Daga cikin gari zuwa bakin ruwa wajen kilomita 4 ne, hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen Turawa, masu zemijan, wato moton haya, na ta kirana na ce a'a da ƙahwa za ni. Jar ƙasa, gumaka a gefen hanya, ka ratsa wata fadama sai ga babbar ƙohwar nan da aka gina a 1995, wadda suke ce ma ƙohwar da ba a dawowa. Na tsaya nan na daɗe ban ce komi ba. Amma tahiya cikin yashin teku wuya gare ta, minti 20 sai ka ji sharaɓa na zahi, kuma kar wanda ya shiga ruwan, igiyar tana ja ƙwarai, masuntan wurin da kansu suka hana ni.

Baban Ikram, Bukoki: Ɗan Ader minti 30 likita ya ce, bai ce in nemi fasfo ba.

Wani daga Talaje: Ba wanda ya ambaci Santir Bert, dajin nan da aka dasa a gefen gari? Faba-faba na wucewa kusa, dogon yaro da turare tun 1965 aka fara dasa su don tare ma gari iska da ƙura, inuwa dai akwai ta.

Alhaji mai ritaya: Akwai ta a da. Ɗana yaushe rabonka da shiga ciki? Na je watan jiya, leda ta maƙale ma kowane itace, juji nan da can, wani gefen an yanka filaye an yi gini. Mu da muka san shi lokacin da rana ba ta taɓa ƙasa a ciki, gara kar mu je. Kuma ban ba mutum shawara ya shiga shi kaɗai da waya a hannu ba.

Malama Hadiza ta lakkwal: In da yara ne ni Mize Boubou Hama nake zuwa, taksi ya aje ka wajen Pti Marshe ka ƙarasa da ƙafa. Kuɗin shiga kaɗan ne, wurin gangare ne da hawa don haka ko ba ka so sai ka yi zufa, ga ƙasusuwan manyan dabbobin da can da aka tono a arewa, ga itacen Tenere da mota ta kaɓe a 1973 an aje shi cikin ɗakinsa. Dabbobin cikin keji dai suna ba ni tausayi, musamman kuraye. Dorina kuma gara ka gan ta can da ka gan ta a kogi, mijina ya taɓa hango kunnuwan wata wajen Gudel da asuba, masu garka suka ce ya ja baya kar ya shiga tsakaninta da ruwa. Kuma don Allah kar a bar yara su yi wanka a ruwa kwance na gefen gonaki, tsargiya.

Wani daga Talaje: Bubon fa? Kasuwar Laraba, tukwane, kilomita 25 ne kawai.

Alhaji mai ritaya: Wuri mai kyau, na sha zuwa da. Amma yanzu duk abin da ya fita gari ta hanyar Tilaberi sai ka tambayi mutanen can halin da ake ciki kafin ka hau mota.

Baban Ikram, Bukoki: Na gode ƙwarai jama'a. Yau bayan asuba na gwada ta Maman ƴan biyu. Taksi na uku ne ya yarda ya ɗauke ni. Na yi minti 50 ban ma sani ba, na ga dattijon arozuwar ko wani mai kama da shi, ya ce in ɗauki ɗaya in gwada, sawu biyu na yi na aje masa abinsa yana ta dariya. Na dawo da zogale da laka har idon sawu, uwargida ta ce takalmin ba zai shiga ɗaki ba. Komawa ce dai kamar yadda na ji tsoro, sai da na hau gangaren nan har babban titi kafin in samu mota, kuma hawan ya fi duk tafiyar wuya, sau biyu ina tsayawa. Maman, ku ta ina kuke fitowa, akwai wata hanya da ba ta kai wannan tsayi ba?