Oregano ɗina ya daina ƙamshi, ya lalace ke nan?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu girki. Don Allah ina neman shawara kan busasshen oregano da nake sa wa miyar taliya. Yana cikin kwalba mai murfi kusa da risho. Korensa ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, in na murza a tafin hannu da ƙyar nake jin ƙamshi. Babu fumfuna, sai dai tun damina ya ɗan dunƙule. Na san zafi da haske da laima ke cinye man da ke ba shi ƙamshi. To, in zubar ne, ko in ninka abin da nake barbaɗawa? In na sayo sabo kuma, kabad ko firji? Wutarmu ba ta tsayawa, ina tsoron ya jiƙe.