Ranar da jama'a suka yi wa manhajarku yawa, me ya fara karyewa?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Manhajarmu ta fara nishi duk lokacin da masu amfani suka yi cincirindo. Abokin aikina ya dage sai mun farfasa ta zuwa ƙananan hidimomi mun hau Kubernetes (tsarin da ke sarrafa irin waɗannan hidimomi a kan kwamfutoci da yawa), ni kuwa jikina bai ba ni ba. Waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, ku taimaka da abin da kuka gani.

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka taɓa komai, auna tukuna. Mu mun daɗe muna ƙara wa saba (kwamfutar da manhaja ke gudana a kanta) ƙwaƙwalwa, ashe ciwon yana cikin rumbun bayanai. Shafi ɗaya ne yake jawo jerin oda, sannan ya koma ya tambayi sunan mai kowace oda ɗaya bayan ɗaya: oda 100, tambaya 101. Muka haɗe su suka zama tambaya guda. Sai muka duba da EXPLAIN ANALYZE (umarnin da ke nuna yadda rumbun ke aiwatar da tambaya), muka ga PostgreSQL, wato rumbun bayanan namu, yana bin teburin tun daga farko har ƙarshe saboda babu indeks (jerin da ke kai shi kai tsaye ga bayanin da ake nema). Gyaran bai ci yini ɗaya ba, kuma har yau raina yana sosuwa in na tuna daren da yaran aikina suka kwana suna gadin saba a banza.

Mai gadin saba:
Malam ya yi gaskiya. Mu kuma da muka ƙara sabobi sai rumbun ya fara korar su, domin PostgreSQL yana zuwa ne da iyakar haɗi 100 a lokaci guda in ba ka canza ba. PgBouncer, manhajar da ke sa sabobi su yi amfani da haɗi kaɗan bi da bi, shi ne ya cece mu.

'Yar koyo:
Tawa matsalar daban ce. Mun sa Nginx, manhajar da ke karɓar buƙatun masu amfani, yana raba kaya tsakanin sabobi biyu, sai mutane suka riƙa kukan ana fitar da su bayan sun shiga. Ashe kowace saba tana riƙe shaidar shigar mutum a ƙwaƙwalwarta, in aka tura shi ɗayar ba ta san shi ba. Muka mayar da shaidar cikin Redis, ma'ajiya mai sauri da duka sabobin ke dubawa, aka zauna lafiya. Aika imel ma mun cire shi daga hanya, mun jera shi a layin jira.

Tsohon hannu:
Madalla, 'yata. Sai dai a kula da ma'ajiyar wucin gadi, inda ake ajiye kwafin bayani na ɗan lokaci don kada a riƙa damun rumbun. In wa'adin bayanin da kowa ke nema ya ƙare, dubban buƙatu sukan auka wa rumbun lokaci guda. Mu yanzu buƙata ɗaya muke bari ta sabunta, sauran su karɓi tsohon kafin nan.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka da alheri. Na kunna rajistar tambayoyi masu jinkiri jiya da dare. Uku ne kawai ke ta maimaituwa, duk a tebur ɗaya. Da su zan fara gobe in sha Allah.