Yaya ake ƙirga ƙuri'u a zaɓen majalisar Nauru?

Malam_Sani: Jama'a, na ga sakamakon zaɓen Nauru, ƙaramar ƙasar tsibirin nan ta tekun Pasifik, wani ɗan takara da ƙuri'a ɗari uku da ɗigo kaza. Ƙuri'a kuma har da gutsure? A fahimtar da ni don Allah.

Hajiya_Bilki: Malam, ba kuskure ba ne. Tsarin Dowdall ke nan, tun 1971 suke amfani da shi. Mai zaɓe zai jera duk 'yan takarar mazaɓarsa da lamba. Na ɗaya ya samu maki 1, na biyu rabi, na uku sulusi, na huɗu rubu'i, haka har ƙasa. A tara, masu maki mafi yawa su ɗauki kujerun. Misali, mutum 60 suka sa ka na biyu, wasu 30 na uku, kana da maki 40, alhali ba wanda ya sa ka a gaba. Shi ya sa wanda ba ya da maƙiya yakan kayar da mai magoya baya masu zafi.

Ɗan_Barno: Ƙari kan bayanin Hajiya: kujeru 19 ne, mazaɓu 8, wa'adin shekara 3. Mazaɓar Ubenide na da 4, Meneng 3, sauran bibbiyu. Zaɓen dole ne ga duk wanda ya kai shekarun zaɓe.

Alhaji_Ɗanjuma: Inda gizo ke saƙa shi ne bayan zaɓe, don majalisar ce ke fitar da shugaban ƙasa daga cikinta. A 2010 kujeru 18 ne, aka yi kunnen doki 9 da 9, kowane ɓangare ya ƙi ba da kakaki kada ya rasa ƙuri'a ɗaya. Zaɓe biyu aka yi a shekarar. Zuwa 2013 an ƙara kujera ɗaya.