Wane suna za mu raɗa wa intanet ɗin da ake jawowa gida da gilashi?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ana ta tallan intanet ɗin nan da ake jawo layinsa har cikin gida, wanda Turawan Ingila suke ce wa full fibre, kuma kowa da sunan da yake ba shi. Wani ya ce faiba, wani wayar haske, wani igiyar gilashi, wani ma kebul kawai. Ina so mu tsayar da wanda za a iya sa wa a takardar yarjejeniya, a kuma faɗa a rediyo mai gida ya gane abin da yake saye. Injiniyoyi ku fara, kada mu raɗa suna ba mu ga jaririn ba.

Injiniyan Layi: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ke cikin baƙar robar nan gilashi ne na gaske. Kaurinsa kashi ɗaya cikin takwas na milimita, wato maikuron 125, kuma hasken tsakiyarsa kawai yake bi, wurin da bai wuce maikuron 9 ba. Lantarki ba ya bi ta ciki. Zare ɗaya ke fitowa daga na'urar kamfani, ya iso unguwa ya shiga wani ɗan akwati mai raba hasken, yawanci wa gida 32 ko 64, kuma shi ma akwatin ba ya cin wuta. A tsarin rabon haske da ake kira GPON, wanda ya fi yawa, gidajen nan duka suna raba gigabit 2.5 na saukowa da 1.25 na hawa, kuma layin yana kai kilomita 20.

Kalmar full kuwa, wato cikakke, da dalilinta. A Ingila an daɗe ana sayar da layin da gilashinsa ke tsayawa a koren akwatin bakin titi, sauran tafiyar kuma jan ƙarfen tsohuwar tarho ne, amma ana tallansa da sunan fibre. Irin wannan yawanci ba ya wuce megabit 80, kuma duk nisan gidanka da akwatin, haka gudun ke raguwa. Sai a 2024 hukumar sadarwarsu, Ofcom, ta wajabta wa kamfanoni su fayyace wa mai saye wanne ne. Saboda haka duk sunan da za mu zaɓa, dole ya nuna inda gilashin ya tsaya.

Malamar Hausa: Madalla, Injiniya. To a cire wayar haske tun yanzu. Waya a bakin mutane yau salula ce, in kuma ka haɗa ta da haske za a ɗauka ta kwan fitila kake nufi. Igiya ma ba ta yi ba, don igiya tufka ce mai kauri. Zaren gilashi ya fi dacewa. Wajen full kuma ina ganin zalla: faiba zalla, babu sirki.

Mai Haɗi: Malama, ki yi haƙuri, zalla za ta ja mana musu. Kebul ɗin da ake ja daga falwaya sau da yawa yana da siririn ƙarfe a gefe, shi ke ɗaukar nauyi. Sannan daga na'urar da ke cikin gida zuwa rauta, mai raba intanet a gida, ko kwamfuta, jan ƙarfe ne. Wanda aka ce wa zalla, ya leƙa ya ga ƙarfe, zai ce an cuce shi.

Ga yadda aikin yake, sai ku auna. Da farko a duba ko akwatin rabo na layinku yana da ramin da ba kowa, in ya cika babu zancen haɗi sai an ƙara wani. A auna nisa, a zaɓi hanya, ta sama bisa falwaya ko ta ƙasa cikin bututun roba. A huda bango, ramin ya ɗan karkata ƙasa ta waje don kada ruwan sama ya biyo kebul ya shiga ɗaki. A fere robar, a goge gilashin da sifirit, a yanke shi da abin yanka na musamman, sannan injin haɗi ya narka bakin biyu su zama ɗaya. Haɗi mai kyau asarar haskensa ba ta kai dB 0.1 ba a ma'aunin asara. Akwai kan haɗi da ake matsawa a bakin zaren da hannu ba tare da narkawa ba, ya fi sauri, amma shi ya fi yawan dawo da mu gyara. Daga nan a auna hasken da ya iso. Tsakanin -8 da -27 dBm a ma'aunin ƙarfin haske na'urar za ta kama, -27 ne iyakar rauninsa, sai dai in ma'auni ya nuna -26 ranar haɗi, kada mai gida ya sa hannu, don ƙura kaɗan za ta kifar da shi. Ni dai faiba har gida nake goyon baya, shi ne ma abin da mutane ke faɗa.

Ɗan Damagaram: Ku tuna da mu. A nan daga Faransanci muka aro, fibur muke ji, faiba baƙuwa ce a kunnenmu. Zaren gilashi kuwa kowa zai gane, daga Maraɗi har Kano.

Injiniyan Layi: Gaskiyarka. Amma har gida ma da ɗan tarkonta. Mu a nan ba tsohuwar tarho ce matsalar ba. Abin da ake yi shi ne a kawo gilashin gindin dogon ƙarfen sabis ko ƙofar rukunin gidaje, daga nan a harba da faranti ta iska ko a raba da kebul na jan ƙarfe, a kuma ce maka faiba ce. Gane shi ba wuya. Ka duba ƙarƙashin na'urar da aka kafa maka a bango, wadda ake rubuta wa ONT. In ka ga siririn kebul da ɗan kai mai kusurwa huɗu, yawanci kore, ya shiga ciki, kuma a fuskarta akwai fitilun PON da LOS, to gilashin ya shigo. In babu, a waje ya tsaya. Don haka a ƙara ciki: har cikin gida.

Mai Haɗi: Tunda an ambaci kore, a kiyaye. Koren kai an goge bakinsa a karkace, digiri 8, shuɗi kuwa a miƙe yake. Suna shiga ramin juna, amma haske zai zube kuma bakin na iya lalacewa. Kore da kore, shuɗi da shuɗi.

LOS in ta yi ja, haske ne bai iso ba, kashe na'ura da kunnawa ba zai yi komai ba. Abin da ya fi kawo shi: an lanƙwasa kebul a kusurwar bango ko ƙofa ta datse shi, ɓera ya ci, babbar mota ta ja na sama, masu haƙa kwata ko titi sun sare na ƙasa, ko ɓarawo ya yanka yana zaton jan ƙarfe ne. Da hunturu kuma ƙura ce. Duk wanda ya zare kan ya bar shi a buɗe ya jawo wa kansa. Kuma kada a leƙa bakinsa, hasken ba ya ganuwa amma yana illa ga ido.

In PON, mai nuna an haɗu da kamfani, tana nan a tsaye kuma intanet na jan ƙafa, laifin yawanci a cikin gida yake. Kebul ɗin jan ƙarfe na cikin gida mai silli huɗu ba ya wuce megabit 100, sai mai takwas, Cat5e ko sama. Wi-Fi na 5 GHz ya fi gudu amma bangon bulo biyu ya ishe shi, na 2.4 ya fi ratsawa amma ya fi cunkoso. Sai wuta: layin ba ya kawo lantarki, in an ɗauke, ONT ta mutu. Yawancinsu volt 12 suke ci, ƙaramin batir na musamman yana riƙe su awoyi.

Malamar Hausa: Na janye zalla. A rubutu a ce intanet na zaren gilashi har cikin gida, a baki faiba har gida, ko fibur har gida ga ’yan uwanmu na Nijar. Wanda ya tsaya a hanya kuma a ce masa faiba mai sirki, a faɗi da me aka sirka, iska ko jan ƙarfe.

Mai Fassara: Na karɓa, Allah ya saka. Saura ONT. Akwatin haske ya yi?

Injiniyan Layi: Ya yi, Malam, muddin ba a ce masa rauta ba. Wasu kamfanoni na ba da na'ura ɗaya mai aikin biyu, wasu biyu daban. Rauta kana iya sayen taka a kasuwa ka sauya, akwatin haske kuwa kamfani ya yi wa lambarsa rajista, in ka sa wani ba zai kama ba sai sun shigar da shi.